Guguwar Katrina: Ranar da teku ya hau tudu, da darasin da ke ciki ga duk mai waya a hannu

A zangon karatun da ya wuce, a darasin ɗa'ar aikin jarida, malaminmu ya haska mana hotuna biyu a allo. A na farko, wani matashi baƙar fata ne yake ratsa ruwa har ƙirji, yana jan baƙar leda, ga katan ɗin lemo a hannu. A ƙasan hoton an rubuta cewa ya wawushe kanti. A na biyu, wasu fararen fata ne su biyu, mace da namiji, su ma ruwa har ƙirji, ɗauke da kayan abinci. Su kuma aka rubuta cewa sun samo burodi da lemo. Gari ɗaya, mako ɗaya, bala'i ɗaya.

Aji ya kaure da musu. Ni kuwa hankalina ya tafi kan ruwan. Wane irin ruwa ne wannan da zai kai wa mutum ƙirji a tsakiyar babban birni, a Amurka guda? Da na koma ɗaki na hau bincike, sai ga ni na yi mako biyu ina bin labarin guguwar Katrina, wadda ta afka wa gaɓar kudancin Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005. A lokacin ni ina goye, wasunku ma ba a haife su ba. Amma wallahi akwai abubuwa a cikin labarin nan da suka shafe mu kai tsaye.

Daga ina irin wannan guguwa take tasowa?

Abin zai ba ku mamaki, amma da yawa daga cikin manyan guguwar Tekun Atlantika daga wajenmu suke samo asali. A lokacin damina, akwai tarin hadari da iska da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, har su faɗa teku. Idan suka tarar da ruwan teku mai ɗumi, kamar digiri 26 zuwa sama, sai tururin da ke tashi ya zama musu makamashi, su fara juyawa suna ƙara ƙarfi. Ita ma Katrina, ɗaya daga cikin abubuwan da suka haɗu suka haife ta wani hadari ne da ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 11 ga Agusta.

Ta kankama ranar 23 ga wata a kusa da tsibiran Bahamas. Ranar 25 ta ratsa kudancin jihar Florida tana mataki na 1, wato mafi ƙanƙanta a ma'aunin guguwa mai matakai biyar. Daga nan ta faɗa Tekun Meziko, inda ruwa yake da zafi sosai a wannan lokaci. Kafin ranar Lahadi 28 ga wata ta kai mataki na 5, iskarta tana gudun kilomita 280 a sa'a. Da ta iso ƙasa da safiyar Litinin a kusa da garin Buras na jihar Louisiana, ta ragu zuwa mataki na 3. Sai dai ruwan da ta tattaro a kwanakin da ta yi tana kan ganiyarta yana nan tafe, bai ragu ba.

Toroƙon teku

A nan ne abin yake. Mu idan aka ce guguwa, abin da ke zo mana a rai shi ne iska ta kwashe kwano, ta karya turken wuta. A bakin teku kuwa ruwa ne babban makashi. Iska ce take turo ruwan teku gaba, tana tara shi sa'o'i da yawa. Idan ya iso inda teku ba shi da zurfi, ba shi da wurin zuwa sai sama, daga nan sai tudu. Wannan shi ne toroƙon teku. Gaɓar jihar Mississippi kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba zurfi, ga Katrina faffaɗa ce ƙwarai.

A garin Pass Christian an auna tashin ruwan ya kai mita 8.5. Ku ɗora ɗakuna uku a kan juna, to kusan tsayinsa ke nan, ban da igiyoyin ruwa da ke bugawa a samansa. A wurare da dama ya shiga cikin ƙasa kilomita 10, a bakin koguna ma ya ninka haka. Ku tuna tankin ruwa mai lita 1,000 da ake ɗorawa a gidaje. Ruwan cikinsa kaɗai tan ɗaya ne, nauyin buhun shinkafa 20 mai kilo 50. To ku ƙiyasta miliyoyin irinsa suna tafe da gudu, ɗauke da motoci da katako da kwale-kwale, suna dukan bangon gida.

Garin Waveland kusan shafe shi aka yi. A unguwannin bakin ruwa, abin da mutane suka dawo suka tarar shi ne daɓen siminti da matakalar ƙofa, gidan babu. Gadar Bay St. Louis ta karye, sai ginshiƙai a tsaye. A Biloxi, manyan gidajen caca da aka gina a kan ruwa, teku ya ɗauko su ya ajiye a tudu, tsallaken babban titi.

Akwai wani abu da ya taɓa ni a labarin mutanen wannan gaɓa. A 1969 an yi wata muguwar guguwa mai suna Camille, kuma ita ta zama musu ma'auni. Dattijo zai ce, ai ko Camille ba ta kawo ruwa ƙofar gidana ba, ina zan je? Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙi tashi da wannan lissafin suka zauna. Katrina ta zo ta wuce alamar Camille. Wasu sun tsira ne da hawa bishiya, suka rungume reshe sa'o'i har ruwa ya janye. Wasu kuma ba a sake ganin su da rai ba.

Birnin da ke zaune a cikin kwano

New Orleans labarinta daban. Birnin yana tsakanin Kogin Mississippi da Tafkin Pontchartrain, kuma kusan rabinsa yana ƙasa da matakin teku. Kamar kwano ne a tsakiyar ruwa. Abin da ke riƙe da shi shi ne ganuwar ƙasa da katangun siminti da manyan injinan zuƙe ruwa. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta tsara katangun.

Ranar Lahadi, ofishin hasashen yanayi na yankin ya fitar da gargaɗi mai tayar da hankali, cewa yawancin yankin ba zai zaunu ba na tsawon makonni. A safiyar ranar ne magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fice, karo na farko a tarihin birnin da aka tilasta haka. Aka mayar da hannuwan babbar hanya duka biyu na masu fita. Kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen birnin sun fita.

Saura fa? A nan ne mutane suke saurin yanke hukunci, su ce taurin kai ne. Amma ku duba. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota. Ƙarshen wata ne, aljihu ya bushe, albashi da kuɗin tallafi ba su shigo ba. Fita tana buƙatar kuɗin mai, kuɗin otal, da abinci na kwanakin da ba ka san iyakarsu ba. Wani yana da tsohuwa kwance a gida. Wani bai taɓa barin garin ba a rayuwarsa, bai san kowa a wani wuri ba. Wasu dabbobinsu ne suka kasa bari, don ba a karɓar su a sansani. Cewa mutum ya tashi abu ne mai sauƙi, tambayar ita ce da me, kuma zuwa ina.

Da safiyar Litinin tsakiyar guguwar ta bi ta gabashin birnin, har wasu kafafen labarai suka fara cewa New Orleans ta sha da ƙyar. Ashe a daidai lokacin katangu suna fashewa. Sun karye a wurare sama da 50. A unguwar Lower Ninth Ward, ta talakawa baƙar fata, katangar babbar mashigar jiragen ruwa ta ɓalle, ruwa ya tumɓuke gidaje daga tushe, har wani ƙaton jirgin dakon kaya ya biyo ruwan ya zauna a cikin unguwa. Kafin Laraba, kashi 80 cikin 100 na birnin yana cikin ruwa.

Wani abin takaici, wasu katangun sun faɗi ne tun ruwa bai kai tsayin da aka gina su don su jure ba. A 2006 rundunar injiniyoyin da kanta ta amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin. Wato dai iska daga Allah, amma ambaliyar birnin akwai hannun ɗan'adam dumu-dumu a ciki.

Tsakanin silin da rufi

Waɗanda suka tsira suna ba da labari kusan iri ɗaya. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin a tattara takardu ya kai gwiwa, firij ya fara yawo a falo. Sai a hau tebur, daga tebur a shige ɗan sararin da ke tsakanin silin da rufi. Can ciki duhu, ga zafi sama da digiri 30, ba ruwan sha, ba tagar fita. Tsofaffin birnin da suka ga guguwar Betsy a 1965 sun saba cewa a riƙa ajiye gatari a saman silin. Masu gatari sun fasa rufi sun fito, suna ɗaga tsumma ga jirage masu saukar ungulu. Wasu da ba su da shi a nan aka tarar da gawarsu bayan makonni.

Dakarun tsaron gaɓar teku sun ceto mutum sama da 33,000. Ban da su, akwai masunta da mafarauta da talakawan gari da suka fito da ƙananan jiragensu suna bi gida-gida, ba wanda ya aike su.

Waɗanda aka tsamo kuma ina aka kai su? Babban filin wasa mai rufi na Superdome, wanda aka buɗe a matsayin mafakar ƙarshe, ya cika da mutum sama da 20,000. Iska ta yaye wani sashe na rufinsa, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya wuri ta mutu, banɗakuna suka toshe. Wasu dubbai suka taru a babban zauren taro na birnin, inda ba a tanadi abinci ko ruwa ba. Sai ranar Juma'a 2 ga Satumba, kwana huɗu bayan guguwar, ayarin sojoji da kayan agaji ya shigo sosai. Wannan a ƙasar da ta fi kowace kuɗi a duniya. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, Michael Brown, ya sauka daga muƙaminsa ranar 12 ga Satumba, shi kuma Shugaba George W. Bush ya daɗe yana shan suka kan hoton da aka ɗauke shi yana leƙen birnin ta tagar jirgi.

An daɗe ana cewa mutum 1,833 ne suka mutu. A 2023 cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka ta sake lissafi ta ce 1,392. A Louisiana, kusan rabin mamatan 'yan shekara 75 ne zuwa sama. A wani gidan kula da tsofaffi kaɗai, sama da mutum 30 ruwa ya cinye. Asarar dukiya kuwa ta kai dala biliyan 125.

Jita-jita, ambaliya ta biyu

Yanzu mu dawo kan abin da ya shafi sana'armu da wayoyinmu. A kwanakin nan labarai sun yi ta yawo cewa ana yanka mutane a Superdome, ana yi wa ƙananan yara fyaɗe, gawawwaki sun taru jibgi. Har shugaban 'yan sandan birnin da magajin gari sun maimaita irin waɗannan maganganu a talabijin, manyan kafafe kuma suka ɗauka suka yaɗa. Da ƙura ta lafa, jaridar birnin, Times-Picayune, ta bi diddigi. Mutum shida ne suka mutu a cikin Superdome, kuma ba wanda aka kashe a cikinsu. An yi sata a gari, an yi wasu laifuka, wannan gaskiya ne. Amma yawancin labaran masu firgitarwa ƙanzon kurege ne.

Kuma ƙaryar ta yi ɓarna. Saboda tsoron harbi, an riƙa dakatar da aikin ceto a wasu wurare. Aka fara kallon mutanen da yunwa da ƙishirwa suka galabaitar kamar 'yan ta'adda. Ranar 4 ga Satumba, a gadar Danziger, 'yan sanda suka buɗe wuta kan mutanen da ba su ɗauke da makami, suka kashe biyu, suka raunata huɗu. Daga baya kotu ta ɗaure wasu daga cikin jami'an.

Su ma hotuna biyun da na fara da su, kamfanonin labarai daban-daban ne suka fitar, kuma kowane mai hoto ya kare kansa: ɗaya ya ce da idonsa ya ga yaron ya shiga kanti, ɗayan ya ce kayan yawo suke a kan ruwa mutanen suka tsinta. Ko da haka ne, ku duba yadda kalma ɗaya ta mayar da mai jin yunwa ɓarawo a idon duniya.

Ku lura fa, duk wannan ya faru ne babu Twitter, babu WhatsApp, babu TikTok. Facebook bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, kuma na ɗalibai ne kawai. Duk da haka intanet ta yi rana. Da ruwa ya kori ma'aikatan Times-Picayune daga ofis, sun ci gaba da wallafa labarai a shafinsu, mutane kuma suka riƙa turo adireshin 'yan'uwansu da suka maƙale, masu ceto suna dubawa. Jaridar ta samu lambar yabo ta Pulitzer a 2006. Gidan rediyon WWL bai daina watsa shiri ba. Mutane kuma suka gano cewa idan kira ya ƙi shiga, saƙon tes yakan lallaɓa ya wuce.

Bayan shekara 12, da guguwar Harvey ta nutsar da Houston a 2017, layukan gaggawa sun cushe, sai mutane suka koma Twitter da Facebook suna rubuta adireshinsu, 'yan sa-kai masu jirage suna bi suna kwaso su. A kan waɗannan shafuka kuma aka riƙa yaɗa hoton bogi na kifin shak yana iyo a kan titi, hoton da tun 2011 yake yawo. A 2024, bayan guguwar Helene, hoton wata yarinya tana kuka rungume da ɗan kwikwiyo ya karaɗe duniya, alhali ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi.

Bayan ruwa ya janye

Sai da aka yi kwana 43 kafin a gama zuƙe ruwan birnin. Masu dawowa sun tarar da wata alama kamar gicciye da fenti a jikin kowane gida: a sama ranar da aka duba, a gefe sunan tawagar, a ƙasa adadin gawar da aka samu. Bango ya yi baƙi da fumfuna. Firij kuwa ba a buɗewa, ɗaure shi ake da salatif a fitar bakin titi saboda wari. Hotunan aure, takardun makaranta, takardun gida, duk sun zama laka.

Ƙidayar 2000 ta nuna mutum kusan 485,000 a New Orleans. A 2006 ba su kai rabin haka ba. A ƙidayar 2020 sun kai kusan 384,000, har yanzu da saura. Dubban iyalai sun zauna a Houston da Atlanta da wasu garuruwa, ba su sake dawowa ba, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi. A Lower Ninth Ward har yau akwai filaye da ciyawa ta rufe inda da gidaje ne. Su kuwa 'yan asalin Biyetnam da ke gabashin birnin suna cikin waɗanda suka fi saurin dawowa, don sun haɗa kai a ƙarƙashin cocinsu, suna gyara gidajen juna ɗaya bayan ɗaya.

Gwamnati ta kashe sama da dala biliyan 14 ta sake gina katangu da ƙofofin ruwa. Ranar 29 ga Agusta, 2021, daidai shekara 16 cif, guguwar Ida ta zo da iskar da ta fi ta Katrina ƙarfi. Wuta ta ɗauke a duk birnin, amma katangun sun riƙe.

To mu ina ruwanmu?

Irin wannan guguwa ba ta zuwa ƙasarmu. Amma wanda yake Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ba sai an fassara masa labarin New Orleans ba. Ruwa ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu, mutane suka kwana a kan rufi da gadoji. Haka mutanen Mokwa a watan Mayun 2025. A ranakun nan da wayoyinmu muka yi ta neman 'yan'uwa da tara gudummawa, kuma da su ɗin ne wasu suka yi ta tura tsofaffin bidiyo na wasu ƙasashe suna cewa yanzu-yanzu abin ya faru.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara. Mu da muke da data mu ne ya kamata mu karanta, mu fassara wa iyayenmu da maƙwabta. Idan wani ya ce ai ruwa bai taɓa zuwa nan ba, a ba shi labarin mutanen Camille. A san tsofaffi da marasa lafiya da masu buƙata ta musamman na layi, a san wa zai ɗauke su da kuma inda za a kai su, tun sama tana garau. Takardun makaranta da na fili a sa su a leda mai kauri, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye a imel. Kada a raina ruwa mai gudu: wanda bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da babba, wanda ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota.

Idan kuma za ka nemi a ceci wani ta soshiyal midiya, rubuta unguwa da layi da wata alama da za a gane gidan, mutum nawa ne, akwai mara lafiya ko babu, da rana da lokacin da ka rubuta. Da zarar an cece su ka dawo ka sanar, kada masu jirgi su ɓata awa guda suna neman wanda ya riga ya tsira. Hoton gawa kuma a rufa wa mamaci da iyalansa asiri. Bidiyon da ba ka san wanda ya ɗauka ba, ba ka san ranar ba, bar shi a wayarka har ka tabbatar.

Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa a Maiduguri da Mokwa da sauran wurare, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.